WAI ME YA HAƊA BAHAUSHE DA TEKU? MARTANI GA MASU SUKAR HAƊIYAU

Ina gaida dukkan masu karatu, musamman waɗanda suka daure suna bin littafina babi bayan babi, duk da jinkirin da ake samu daga wajena. Yau ban zo da ci gaban labari ba, ku yi mini afuwa. Wata magana ce ta tsaya mini a maƙogwaro tun fitowar babi na bakwai, na ga idan ban amayar da ita ba alƙalamin ma ba zai yi gaba ba.

Ga wanda bai san mafarin zancen ba, a babi na bakwai ne jirgin jarumin labarin ya shiga Baƙin Ruwa, wato tekun da ke ƙarshen duniyar da na ƙaga, a nan kuma mai karatu ya fara cin karo da Haɗiyau. Shi Haɗiyau kifi ne daga dangin da Turawa ke kira shak, Larabawa kuma su ce ƙirshu, sai dai irinsa babu shi a kowane teku. Ni na ƙage shi, na sa masa suna, na ajiye shi can cikin zurfin da rana ba ta kaiwa.

To, kwanakin baya mun je ɗaurin aure a Faskari, sai wani dattijo, malamin makaranta mai digiri har biyu, wanda nake ganin girmansa, ya tare ni a gaban jama'a ya ce, "Kai da ko rafin kirki babu a garinku, me ya haɗa ka da teku?" Aka kwashe da dariya. Bai tsaya nan ba, ya ce kwaikwayon finafinan Turawa ne kawai nake yi, sannan ya rufe da wadda ta fi yi mini ciwo, wai gari yana cin wuta ni kuwa na zauna ina ba yara labarin kifi. Ban tanka masa a wurin ba, domin furfura tana da haƙƙinta, kuma taron biki ne. Daga baya wasu sun aiko mini da saƙonni masu kama da nasa. Don haka, Malam, ga amsarka a rubuce, tare da duk masu ra'ayi irin naka. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Bari in fara da yi maka ikirari, don kada ka ce na ɓoye. Sau ɗaya tak na taɓa ganin teku da idona. Ina saurayi na bi motar shanu daga kasuwar Sheme zuwa Ikko, bayan mun sauke kaya a Agege wani abokin tafiya ya ja ni zuwa Bar Beach, wurin da yanzu an cike shi da yashi an yi gine-gine. Na tsaya nesa da ruwan, takalmana a hannu, ko ƙafa ban tsoma ba. Ban wuce sakandare ba. Babban ruwan da na saba gani shi ne madatsar Mairuwa, kifin da na sani kuwa tarwaɗa ce da karfasa da ƙurungu. Duk wannan gaskiya ne, na yarda.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne cewa Bahaushe baƙon teku ne. Malam, kakanninmu da suka tafi aikin Hajji a ƙasa, suka keta Chadi da Sudan shekara da shekaru, da suka isa Sawakin tashi sama suka yi zuwa Jidda? Ai Bahar Maliya suka tsallaka a jirgin ruwa, kuma waɗanda Allah Ya dawo da su sun dawo da labarinta. Sojojinmu da Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Bama a 1943 da 1944, makonni suka yi a kan ruwa kafin su ga gaɓar Indiya, kuma da yawansu 'yan ƙauyukan nan namu ne. Yau ma je Ikko ko Ankara ko Kwatano, ka ƙirga Hausawan da ke kwana suna jin rugugin teku.

Mu bar tafiya mu koma allo. Wane yaro ne a ƙasar Hausa bai san ƙissar Annabi Yunusa, alaihis salam, da kifin da ya haɗiye shi ba? A cikin Buhari da Muslim akwai labarin rundunar Sahabbai ƙarƙashin Abu Ubaida ɗan Jarrah, da yunwa ta kama su a bakin teku, ruwa ya jefo musu wata ƙatuwar dabba da ake kira anbar, suka yi kwanaki masu yawa suna cin namanta, har aka kafa ƙashin haƙarƙarinta mahayin raƙumi ya wuce ta ƙarƙashi. Kuma daga cikin bayanan da malamai suka kawo game da asalin sunan ƙabilar Ƙuraishu, akwai mai cewa daga sunan wannan kifi ƙirshu aka samo shi, saboda ƙarfinsa a kan sauran dabbobin ruwa. Ka ga ashe kifin da kake cewa na Turawa ne, sunansa ya daɗe a zauren malamanmu.

Ga kuma wadda na fi so ka riƙe. Masana ilimin ƙasa sun tabbatar da cewa miliyoyin shekaru da suka wuce wani reshen teku ya ratso ta inda Sahara take a yau, ya kwanta a kan yankin Sakkwato da kudancin Nijar. Farin dutsen da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti da shi, a ƙarƙashin wancan ruwa ya taru. A 1934, shekarar da aka buga Ruwan Bagaja, wani masani ɗan Ingila mai suna Errol White ya wallafa bincike a kan kifayen da suka zama dutse a Lardin Sakkwato, kuma akwai haƙoran shak a cikinsu. An kuma tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku a yankin Goronyo, wanda a 1972 masana suka raɗa masa suna Goronyosaurus, sunan da yake amsawa har yau a littattafan kimiyya na duniya. Ban ce ruwan ya iso Ƙanƙara ba, mu a kan tsaunin tsofaffin duwatsu muke. Amma haƙoran shak suna binne a ƙasar Hausa, Malam, kuma sun riga ni da kai zuwa.

Sai batun kwaikwayo. A nan kam na yi mamakin fitowar wannan magana daga bakin wanda ya karantar da adabi. Lokacin da Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar da Rupert East ya shirya a 1933, yana malamin makarantar Midil ta Katsina ne, ɗan shekara 22. Ya taɓa zuwa ƙasar aljanu? Yayansa Malam Bello Kagara da ya kai Ganɗoki ƙasashen da babu su a taswira, fasfo ya yanka ya je ya gano? Magana Jari Ce da kuke sa ɗalibai su haddace, kowa ya san Imam ya ɗebo labaranta da yawa daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya sa musu riga da hula suka zama namu. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ɗan jiharmu, tushensa wani gwarzon tatsuniyar Rasha ne. A 1969 Umaru Dembo ya ɗauki yaro Bahaushe ya kai shi sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Waɗannan duk kun kira su adabi, kuna rubuta digiri a kansu. Mu da muka yi abin da suka yi, sai aka ce 'yan kasuwa ne masu kwafe. Tun shekarun 1990 da aka laƙaba wa littattafanmu suna Adabin Kasuwar Kano muke shan wannan gori, har an sha yi mana jana'iza a jarida, ga mu nan dai muna rubutu.

Na san fim ɗin da kake nufi, wato Jaws na 1975, wanda Steven Spielberg ya shirya daga littafin Peter Benchley na 1974. Na kalle shi a gidan kallo ina yaro, kuma na ji tsoro, ba zan yi ƙarya ba. Amma kifin cikinsa kifin saman ruwa ne, mai gudu, mai zuwa bakin gaɓa inda mutane ke wanka, an kuma nuna shi tamkar mai gaba da ɗan Adam. Shi kansa Benchley ya yi nadamar wannan hoto daga baya, ya ƙare rayuwarsa yana fafutukar kare waɗannan kifaye. Wani ƙiyasi na 2013 ya nuna mutane na kashe shak kusan miliyan 100 a shekara, alhali mutanen da shak ke kashewa a duniya gaba ɗaya da wuya su wuce 10 a shekara. Da kwafe na yi, da irin wancan kifin zan kawo. Haɗiyau bai yi kama da shi ba ko a haƙori, kuma bari in gaya maka yadda na gina shi, ka yi hukunci da kanka.

Sama da shekara guda na yi ina tara bayani kafin in rubuta layi ɗaya a kansa. Kuɗin data da na kashe, da na tara su da sun sayi tunkiya. Turancina na sakandare ne, don haka inda ya gagare ni sai in kai wa wani ƙanena mai koyar da kimiyya ya warware mini. Abu na farko da na koya shi ne yadda gidan yake. Daga mita 200 haske ya fara mutuwa, daga mita 1,000 zuwa ƙasa kuwa babu hasken rana ko ƙyas. Ruwan wurin sanyi ne da shi kamar na firij. Nauyin ruwan da ke danne kai a mita 1,000 kuwa, ɗauka an ɗora buhun masara mai kilo 100 a kan farcen babban yatsanka, haka kuma a kan kowane gurbi mai faɗin farce a jikinka. Abinci ya yi ƙaranci ƙwarai, yawancinsa ɓurɓushin abin da ya mutu a sama ne yake gangarowa. Duk wanda zai zauna a irin wannan gida dole jikinsa ya dace da shi.

Da farko na so in ajiye Haɗiyau a can ƙasan ƙasa, domin ya fi daɗin faɗa. Wuri mafi zurfi da aka sani, ramin Mariana da ke tekun Fasifik, ya kusa kilomita 11. Sai na tarar cewa dangin shak, duk da sun haura iri 500, da wuya a same su ƙasa da mita 3,000. Na haƙura, na dawo da shi tsakanin mita 800 da 1,000, daidai bakin iyakar duhu.

Na biyu, jikinsa. Shak ba shi da ƙashi irin na karfasa, guringuntsi ne gaba ɗaya, irin na kunnenka. Ba shi kuma da jakar iskar nan da mata ke cirewa in suna gyaran kifi, wadda ke hana kifi nutsewa. Abin da ke riƙe shi a ruwa ƙatuwar hanta ce cike da mai, wadda a wasu na zurfi takan kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsu. Wannan hanta ita ta ba ni rabin labarina. Mutanen ƙasashen ƙanƙara na arewacin duniya sun daɗe suna kama shak don su kunna fitila da man hantarsa. Sai na ce to, a duniyata fitilun fadar sarki da man Haɗiyau kaɗai suke ci, shi ya sa sarki ke tura 'ya'yan talakawa Baƙin Ruwa. Ka ga dalilin tafiyar jarumin ya samu, ba tare da na nemo gimbiyar da aljani ya sace ba.

Na uku, shekaru da tafiya. Akwai shak na tekun Girinlan wanda binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna yana rayuwa aƙalla shekara 272, wata babba daga cikin waɗanda aka auna ma an ƙiyasta ta kusa 400, kuma macen ba ta fara haihuwa sai ta kai wajen shekara 150. Tafiyarsa ba ta kai saurin tsohuwa mai sanda ba, yawancinsu ma wata tsutsa ta maƙale musu a ido. Daga gare shi Haɗiyau ya gaji tsufa da nawa da raunin gani. Da na karanta yadda dabbobin zurfi ke jure yunwa sai na tuna da gaiwa, wadda ke shiga laka idan rafi ya ƙafe, ta yi watanni tana cin jikinta har ruwa ya dawo. Ashe muna da misalin a fadamarmu.

To mai nawa kuma makaho, yaya zai yi farauta? A nan ne na ɗebo daga wasu 'yan uwansa uku. Akwai wanda aka fara bayyanawa a 1898 daga ruwan Japan, mai dogon hanci, wanda muƙamuƙinsa ke fitowa waje ya cafke abu ya koma, kamar an harba gwafa. Haɗiyau ba ya bin ka da gudu, bakinsa ne ke iso ka. Akwai wanda masu bincike suka nuna a 2021, a ruwan Niyu Zilan, cewa jikinsa na ba da haske shuɗi, tsawonsa kuma ya kai kusan mita 1.8. Ana ganin hasken cikin irin waɗannan kifaye yana ɓatar da inuwarsu ga wanda ke kallo daga ƙasa, sai su saje da ɗan hasken da ke saukowa. Akwai kuma mai ƙaton baki wanda ba a san da shi ba sam sai 1976, da ya sarƙe a jikin wani jirgin sojan ruwan Amurka kusa da Hawai, shi kuma da rana yana ƙasa, da dare ya hauro sama. Shi ya sa a littafina masunta ba sa tsoron rana. Daren da babu farin wata suke tsoro, lokacin da za su hango shuɗin haske yana tasowa a hankali daga ƙarƙashin jirgi. Tsawon mita 9 da na ba shi da haɗa waɗannan siffofi a jiki ɗaya, wannan kam ƙagena ne.

Babban makaminsa kuwa na gaske ne. A hancin kowane shak akwai wasu ƙananan ramuka masu jin wutar lantarkin da ke fita daga jikin mai rai, wani Ba'italiye mai suna Lorenzini ne ya bayyana su tun 1678. Ko kifi ya binne kansa a yashi, motsin tsokarsa zai tona masa asiri in shak ya matso kusa. Ka iya ɗauke numfashi, ka iya daina motsi, amma ba ka iya tsayar da zuciyarka. Wannan ita ta hana ni barci. Na kai jarumina cikin ruwa, jirgi ya kife, Haɗiyau na tasowa, ni kuma na riga na kafa dokar da ta hana shi ɓuya. Sati uku babi na takwas yana ajiye. Da na ga dama da na ba shi zoben tsafi ya murza ya ɓace, a wuce wurin. Ban yi ba. Wata rana ina hira da wani tsohon masunci a Mairuwa, ya ba ni labarin yadda minjirya ta taɓa jan sa har ya saki koma. Nan take na ga mafita. Kifin da ke farauta da jin 'yar ƙaramar wuta, yaya zai ji in an watsa masa babbar wuta a hanci? Sauran bayanin yana babi na takwas, ba zan ɓata muku ba. Amma Malam, ka nuna mini fim ɗin Turawan da aka yi maganin shak da minjirya.

Yanzu bari in ba ka gaskiyarka inda kake da ita, domin akwai. Da yawa daga cikin dodannin da ke littattafan yaƙi na kasuwa aikin lalaci ne, kuma ni ma na yi irinsa a baya. Za ka ga dodo mai kai 99, tsawonsa tafiyar kwana 40, yana aman wuta a ƙarƙashin ruwa, babu wanda ya tambayi me yake ci, ina yake kwana, me ya hana shi cinye duniya tun kafin a haifi jarumi. An cika shafi goma ana zuzuta shi, sannan a sare shi da takobi sara ɗaya domin marubuci ya gaji, ko kuɗin bugu sun ƙare. Da wannan ka soka, da na miƙa maka hannu. Ina kuma kira ga 'yan uwana marubuta, don Allah mu daina raina masu karatunmu. Yaro ɗan shekara 15 yana gane inda aka yi masa wayo. Dodon da babu dokar da ta ɗaure shi ba ya ba kowa tsoro, domin mai karatu ya san yadda aka kawo shi babu dalili haka za a kawar da shi babu dalili. Kakanninmu ma da suke ba mu tatsuniya sun san haka, shi ya sa Gizo kullum da wayo yake kuɓuta daga Dodo, kuma wayon da mai sauraro zai ce lallai haka ne. Maganin rubutun lalaci shi ne a zauna a yi karatu. Kai kuwa cewa ka yi a bar fagen gaba ɗaya, a nan muka raba hanya.

Saura maganar da ta fi zafi, wai gari yana cin wuta. Malam, ni za a gaya wa gari yana cin wuta? Ina cikin Ƙanƙara daren Juma'a 11 ga Disamba 2020, da 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati suka kora yara cikin daji. Na ga iyaye mata zaune a ƙofar makarantar har zuwa ranar 17 ga wata da aka sako yara 344. Na san gonakin da aka bari babu shuka a Faskari da Sabuwa, na san gidajen da aka sayar da shanu da hatsi aka biya kuɗin fansa. Ƙauyukan da nake kai littattafai a da, wasunsu yau babu kowa sai kango. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kana so in rubuta littafi a kan ɓarayin daji, in kira kowa da sunansa. Kai kana kwana a birni, a gida mai katanga. Ni a nan nake kwana da iyalina, ina bin hanyar Sheme da Yankara, a inda kowa ke tsoron infoma, ba ka san wanda zai kai maganarka daji ba. Wancan littafin yana nan, na fara shi, yana cikin akwati, kuma in Allah Ya ba mu rai da lafiya zai fito ranar da fitowarsa ba za ta mayar da 'ya'yana marayu ba. Wanda bai taɓa kwana da takalmi a ƙafa ba, ya sassauta wajen koya wa mutane jarunta.

Kuma wa ya ce labarin kifi ba shi da amfani ga wanda ke cikin wuta? A watan Satumba 2021 gwamnati ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kusan wata uku babu kira babu intanet. A wannan lokacin ne na ga abin da na daɗe ban gani ba. Samari da 'yan mata suka dawo neman littafin takarda. Tsofaffin littattafan da ke jibge a ɗakina, waɗanda gara ta fara ci, sai da aka are su kaf, kuma na yaƙi da na dodanni aka fi nema. Na tambayi wani yaron maƙwabtanmu, wanda mahaifiyarsa ta ce ba ya iya barci in dare ya yi, me ya sa yake son labarin ban tsoro alhali ga tsoro a waje. Ya ce, "Kawu, ai wannan in na rufe littafin shi ke nan ya tsaya." Tun daga ranar ban ƙara jin kunyar sana'ata ba. Yaron da aka raba da makaranta da gona da filin ƙwallo, kada a ce kuma sai an raba shi da inda hankalinsa zai je ya huta. In kuma garin hutawar ya tsinci cewa akwai kifin da ke shekara 300, ya je ya tambayi malaminsa ko gaskiya ne, to ni da kai mun yi aiki ɗaya ke nan.

Wasu masoya kuma, don su kare ni, sun ce ai Haɗiyau misali ne na 'yan bindiga, wai habaici nake yi. Na gode da ƙauna, amma ku daina, kada ku zalunci kifina. Haɗiyau yunwa ke fito da shi, in ya ƙoshi ya koma ƙasa ya yi watanni ba a gan shi ba. Bai taɓa neman kuɗin fansa ba, bai ƙona rumbun kowa ba, bai sa wa ƙauye haraji kafin a yi girbi ba. In kuna neman azzalumin littafin, ku dubi wanda ke zaune a fada yana karatu da hasken fitilar da aka kunna da ran 'ya'yan mutane.

Don haka, Malam, ina nan a kan bakana. Bahaushe yana da haƙƙin ya rubuta teku, da sararin sama, da duk inda tunaninsa ya kai, da harshensa, sharaɗin kawai ya yi karatun abin da zai rubuta, ya kuma tsaya a kan dokar da ya kafa wa labarinsa. In ka sami kuskure a bayanan da na kawo, ka rubuto, wallahi zan gyara in kuma gode maka a bainar jama'a. Girmanka yana nan a idona yadda yake, kuma in littafin ya fito a takarda, kwafinka na hannuna, kyauta.

Ku kuma masu karatu, babi na takwas zai zo muku mako mai zuwa in Allah Ya yarda. Masu tambaya ko jarumin zai rasa ƙafa, ku ƙara haƙuri. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da sauran ƙasarmu baki ɗaya, Ya mayar da kowa gonarsa lafiya, amin.

Wassalam. Naku a kullum, daga Ƙanƙara.